Binne Kafin Shamuwa

Dogon Dutsi, farkon watan Rajab

Daga Ja'afaru tela zuwa ga yayata Ajuma, a Kore Mairuwa.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina zafi, ina gwiwar nan taki mai faɗin zuwan hadari? A gai da yara da jikoki, a gai da maƙwabcinki Ɗanmalam da zai karanta miki wannan takarda. In ya ƙara mata gishiri, Allah na ganinsa. Mu nan lafiya lau, Ramatu na gaishe ki.

Bayan haka, Yaya, ina so ki ji wata magana daga bakina kafin ki tsince ta a kasuwa. Ranar Juma'a da aka sauko na kama hannun liman, na rantse ba zan ƙara sayen littafi ba sai an ci tumun bana. Ba na larabci, ba na ajami, ba na boko. Liman ya ce in sake faɗa, wai kunnensa na dama ba ya ji sosai. Na sake. Wani mahauci a bayana ya ce yau akuya ta yi sallama da dusa.

Ga roƙona. Illo mai jakai, wanda ke kawo littattafai daga wajen Sakkwato, kasuwarku yake fara sauka kafin tamu. Ki gaya masa kada ya kwance kaya a bakin rumfata. In dole ne ya wuce, ya bi ta bayan gidan kumandan mai mulkin gari. Na san kaina. Ƙanshin sabuwar takarda a wurina kamar ƙanshin ƙasa ne ranar ruwan fari.

Kada ki tambaye ni dalili. Mutum yakan so ya huta, kuma ina da abin karantawa da zai kai ni kaka.

Abu ɗaya ne ke ɗan sosa mini rai. Littafin ƙarshe da Illo ya kawo mini labarin wani mutum ne da ya tafi Makka da ƙafa, kuma kashi biyu ne. Na farkon ya ƙare jirgin ruwa na tsakiyar tekun gishiri, ruwa na shiga ta tsakanin katako, mai jirgi ya fara jefar da kayan mutane. Nan takarda ta ƙare. Tun kaka bawan Allahn nan yake tsakiyar ruwa. To, ya yi haƙuri ya ƙara jira.

Allah ya bar mu tare. Ƙanenki, Ja'afaru.

*

Kore Mairuwa, tsakiyar Rajab

Daga Ajuma zuwa ga Auta. Ɗanmalam ke rubutawa, ni ke faɗi.

Ina amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan, ba ta ce komi ba tukuna, ruwa da saura. Ka gaishe mini da Ramatu, Allah shi ba ta ladan zama da kai.

Takardarka ta iso hannun Yaro mai kamyo, babbar motar kayan nan. Ɗanmalam bai ƙara gishiri ba, ya ce ka riga ka zuba.

Auta, kura ba ta barin nama sai haƙori ya motsa. Kai ne fa Inna ta aika sayen gishiri ka dawo da takardar da anka ƙunshe shi, gishirin ka zube shi a hanya don ka ga abin da anka rubuta ciki. Mai wanga hali ba shi kama hannun liman don hutu.

Illo ya zo, na ba shi saƙonka. Ya yi dariya har rawaninshi ya kwance. Ya ce shi ya ji, amma wa zai gaya ma jakai? Wai sun fi sanin ƙofar gidanka bisa ga tasu, don hatsinka sunka yi ƙiba da shi. Ashe da damman hatsi kake biyanshi. Sai ga Shatu mai man gyaɗa ta dawo daga Dutsi, ta ce Ramatu na yabon ka wajen mata, wai ba ta taɓa ganin namiji mai son rumbunshi kamar nata ba. Kullum bayan azahar ka hau tsani ka shige, ba ka fitowa sai la'asar, ido jawur, hannu wofi.

Na ɗauki maganar Illo na aza bisa ta Shatu, sunka zauna daidai kamar tukunya da marfi.

Matar aure ba ta leƙa rumbun miji, haka munka taras. Amma ni ba matarka ba ce, ni na goye ka. Mi ke cikin rumbun nan?

Kuma ka buɗe kunne nan. Irin Baba nike tambaya, hatsin nan mai doguwar zangarniya da kakanmu ya zo da shi, wanda ba shi tsoron jigawa. Ka san bara fara ta cinye nawa tas, na ce ka aje mini rabona. Duk zuri'armu babu mai sauran shi sai kai. In shi ma ka mai da shi takarda, gaya mini tun yanzu in san kukan da zan yi.

Allah shi shirye ka. Yayarka.

*

Dogon Dutsi, ƙarshen Rajab

Zuwa ga Yaya Ajuma, bayan gaisuwa da ban girma.

Shatu da Illo, Allah ya haɗa su tafiya ɗaya a jeji babu ruwa.

Yaya, ki yi mini adalci. Littafi a ɗaki abincin gara ne. Akwai wanda ta cinye mini ƙarshensa, har yau ban san wa ya gaji sarautar ba. Rumbu kuwa yana bisa duwatsu, gara ba ta hawa, laima ba ta shiga, yara ba sa kai hannu. In an buɗe hular sama haske na sauka daidai kan shafi. Wanda ya fara gina rumbu, ina jin mai karatu ne aka ƙwace masa. Dami ya fita, littafi ya shiga mazauninsa, saboda haka rumbun bai taɓa zama wofi ba. Ranar da na kama hannun liman, ranar ce na ɗaga wani babban littafi na ga daɓen rumbu a ƙarƙashinsa. Na ɗaga na kusa da shi, daɓe. Sai na zauna.

Irin Baba yana nan, rataye a sama inda na ɗaure shi tun kaka. Na raba biyu. Naki na sussuke shi da hannuna, na ɗinke a jakar yadin sawaye, yana wurin Yaro. Ki duba ɗinkin, in an taɓa za ki gane.

Ramatu ba ta sani ba. Kin san al'ada, da rani daga ɗan rumbunta ake ci, nawa sai ranar shuka ake buɗewa. Kafin ranar zan san abin da zan ce. Keken ɗinki na aiki, ba za mu kwana da yunwa ba in Allah ya so.

Amma zaman nan, Yaya. Na ce ina da abin karantawa har kaka, ashe ƙarya na yi wa kaina. Duk wanda na buɗe, kafin in kai ƙasan shafi bakina ya riga idona. Na karanta rubutun jikin kekena har na je lakkwal, makarantar boko, na sa malaminsu ya fassara mini, ashe sunan garin da aka ƙera shi ne kawai. Na karanta kwalin sukari. Takardar lanho, harajin nan da kowa ke gudu, ni na bi gardin kumandan ina roƙon ya bari in duba. Shekaranjiya na ɗinke wa wani ɗan kasuwa ƙafafun wando biyu wuri ɗaya, ya ce shi ba kifi ba ne. In na ji kukan jaki a bakin kasuwa sai ƙafata ta tsaya a kan keke.

Ki sa ni a addu'a. Ja'afaru.

*

Gecheme, farkon Sha'aban

Daga Illo mai littattafai zuwa ga Malam Ja'afaru, fitilar Dogon Dutsi.

Allah shi gafarta Malam. Gaisuwa irin ta bara ga ubangidansa. Jakai na gaisuwa, babban ma tun da ya ji ba za mu sauka wurinka ba ya daina cin kara.

Na ji rantsuwarka, na kuma girmama ta. Ni ba zan zama sanadin karya alkawarin malami ba. Labari kawai nike ba ka. Kashi na biyu na littafin matafiyin nan ya samu. Guda ɗaya tak na tsallako da shi, a ƙarƙashin buhun goro, masu duwan na bakin iyaka ba su gani ba. Ya fi na farko kauri. Ni ba karatu na iya sosai ba, amma wanda ya sayar mini ya ce abin da ya faru a jirgin nan, shi kansa bai ci tuwo ba ranar da ya karanta.

Akwai wani malami nan Gecheme da ya gani ya riƙe, da ƙyar na ɓamɓare yatsunsa. Na ce mishi akwai mai haƙƙi a Dutsi, sai in mai haƙƙin ya ce ba ya so.

To, Malam, kai ne masani. Saye ka rantse ba ka yi. Kyauta fa? In ni na ba ka littafi don Allah, kai kuma wata rana, ko ranar nan, ka dubi jakaina ka ji tausayinsu ka ba su ɗan abin da ke rataye a rumbu, ina saye a nan? Na ji ana yabon irin gidanku har Sukukutane. Ba ci za su yi ba, akwai manoman da ke tambayata shi.

Ina isowa kasuwar Juma'a ta sama. Ba zan kwance kaya a rumfarka ba, tunda an hana ni. Gindin tsamiyar da ke kallonta zan zauna.

Naka har kullum, Illo.

*

Dogon Dutsi, tsakiyar Sha'aban

Zuwa ga Yaya, gaisuwa a gaggauce, Yaro na hura ƙaho.

Na haɗa miki da takardar Illo, Ɗanmalam ya karanta miki ki ji irin shaiɗanin da nake fama da shi.

Na kai wa liman maganar kyauta. Ya dube ni ya ce, "Ja'afaru, da wane kunnen kake so in ji wannan?" Na dawo gida. Ranar Laraba na hau rumbu don in duba irin kawai. Ban san yadda aka yi ba, sai ga ni a tsakar gida da shi a kafaɗa, ina lissafin ko rabi zai ishi Illo. Nan na gane muddin irin nan yana inda hannuna zai kai, ranar Juma'a a bayan jaki zai kwana.

Sai na tuna binne. Ba Baba kan zuba iri a busasshiyar ƙasa ya rufe, ya bar shi ya jira ruwa a can ba? Abin da ke cikin ƙasa ba ya sayuwa. Na sussuke shi, na ɗauki sungumi, na ce wa Ramatu ta ɗauko ƙwarya.

Ina gaba ina sara, tana baya tana zubawa tana rufewa da diddige. Mun yi nisa da aiki. Can ta ce, "Malam, shamuwa ta zo ne ban gani ba?" Na ce ba ta zo ba. Ta ce, "To hadarin a littafi ka gan shi?" Na tsaya na jingina da sungumi, na gaya mata abin da ke cikin rumbu da abin da babu. Ta ci gaba da zuba iri har ƙarshen layi, ta juyo ta ce, "Ashe duk ranar da na wuce rumbun nan ina cewa Allah ya sa albarka, makaranta nake gaisarwa." Da muka koma gida ta ɗauke tsanin ta shigar da shi ɗakinta ta tura ƙarƙashin gado.

Ranar Juma'a Illo ya zauna gindin tsamiya kamar yadda ya ce. Ya fito da littafin yana fifita da shi, wai zafi. Na taka na je na gaishe shi, na nuna masa gabas na ce hatsin yana gona, in jakainsa sun iya tono bismilla. Ya ce, "Malam, ka binne dukiya don gudun aboki?" Na ce don gudun kaina ne. Ya buɗe shafin farko ya miƙo saitin fuskata. Yaya, na kalli kunnen jakinsa har ya gaji ya rufe.

Ban saya ba. Ki gaya wa Ɗanmalam ya karanta wannan layin sau biyu.

Ja'afaru.

*

Kore Mairuwa, ƙarshen Sha'aban

Auta, ina gaisuwa, ina kuma taya ka murnar cin jaki da kallo.

Ɗanmalam ya karanta sau biyu. Ni kuma ga nawa layin, kai ma ka karanta sau biyu: wa ya ce maka ana binne yanzu?

Baba na binne, gaskiya ne. Amma sai shamuwa ta sauka bisa tsamiya, gawo ya fara zubda ganye, gabas ta yi baƙi da marece. Kai lokacin kana gindin kalgo da allo, ka ga ana binne, ba ka ga ana duban sama ba. Yanzu gawo na nan da ganyenshi shar, gwiwata shiru. Ka shimfiɗa ma ɓeraye da zabi walima. Wanda sunka bari kuwa, in yayyafin ƙarya ya sauka ya tsiro, rana ta gama da shi.

Ka tsere ma Illo ka faɗa hannun bazara, ita kuwa ba ta karɓar kyauta.

Nawa rabon ya iso, ɗinki lafiya. Yana cikin tulu da toka, na liƙe bakin da laka, na aza turmi bisa. Ramatu ta yi daidai da tsani. Da ni ce, da na yi makamashi da shi.

Allah shi kai mu azumi lafiya. Ajuma.

*

Dogon Dutsi, cikin azumi

Zuwa ga Yaya Ajuma. Barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibada.

Bakinki, Yaya. A farkon azumi aka yi yayyafi da hantsi, wanda bai ko kwantar da ƙurar kasuwa ba. Mutanen gari suka leƙo suka koma. Ni kaɗai ne a Dutsi nake da abin da zai amsa masa. Bayan ƴan kwanaki na je gona na tarar ya tsiro, layi-layi, kore kamar an zana da alƙalami. Na tsaya ina kallo, ban san ko murna zan yi ba.

Daga nan sama ta rufe bakinta. Kullum da safe ina gona, da azahar ina gona, kamar zuwana zai yi musu inuwa. Na ɗebi ruwa a tulu na bi wasu, mutane na wucewa suna cewa tela ya buɗe lambu a jigawa. Sai iskar gabas ta taso da rairayi mai zafi ta wuni tana yi. Washegari gonar kamar an aske kai. Na durƙusa na tona, ko ɗaya babu mai rai.

Irin Baba da ke hannuna ya tafi. Ba Illo ya ci shi ba, ni na kai shi da ƙafata.

Na ce wa Ramatu ta ba ni tsani in fito da littattafan, in Illo ya dawo ya karɓa ya ba mu ko wane irin hatsi ne. Ta ce a'a, sun ci hatsinmu, su zauna su yi mana aiki. Ta jingina tsanin da kanta, ta ce in ɗauko guda in karanta mata bayan la'asar don azumi ya yi gudu. Na ɗauko na matafiyin. Yanzu kullum tana tankaɗe ina karantawa, maƙwabta mata biyu ma sun fara kawo turminsu. Jiya muka kai inda ruwa ke shiga jirgi, na rufe. Ta ce in ci gaba. Na ce nan ya ƙare. Ta ajiye rariya ta ce, "Kana nufin haka ka bar mutum tun kaka?" Na ce sauran yana Gecheme. Ta ce, "Kai kuwa wane irin mutum ne da ba ka sayo ba?"

Na ce mata ina azumi, kada ta ja bakina.

Yau da safe na ga shamuwa guda bisa tsamiyar kasuwa. Kowa na gyaran sungumi. Ni ma na gyara nawa, ban san don me ba. Ba na roƙon ki komai, Yaya, rabonki naki ne, kin kuma faɗa mini tun da wuri. Ina dai gaya miki ne don ba ni da wanda zan gaya wa.

Rantsuwa tana nan, ban karya ba.

Ƙanenki, Ja'afaru.

*

Kore Mairuwa, bayan salla

Auta, barka da salla.

Gwiwa ta hana ni barci, ruwa na bisa hanya. Na fasa tulu na raba biyu. Yaro zai ba Ramatu a hannunta, ba kai ba. Kada ƙwaya ta taɓa ƙasa sai ta tura hannu cikin laima ya nutse har wuyan hannu. Ita za ta ce a fita.

Littafin kuwa malamin Gecheme ya saye. Amma kafin azumi, da Illo ya biyo ta nan zai kai mishi, na zaunar da shi na dama mishi fura mai nono, na yi ta cinikin allura guda har rana ta karkata. Ɗanmalam na bayan jakai da littafin. Da marece ya ba ni labari tas.

Saboda haka na san ko mutuminka ya nutse ko ya fita. Ka aiko mini da tumun irin Baba, zangarniya mai tsawon hannuna, in gaya maka.

Ramatu ba ta yi laifin komi ba, ita na ce ma Yaro ya raɗa mata ƙarshen labarin.

Allah shi ba mu damina mai albarka. Yayarka, Ajuma.